Sa'a Guda a Sashen Masu Sankarar Jini

A wani babban asibiti na birnin Bauchi, a sashen da ake kwantar da masu sankarar jini, inda 'yan jinya daga Toro da Dass da Ningi kan shimfiɗa tabarmi a baranda su kwana, babu abin da ke ta da hankalin ma'aikata kamar ma'aunin zafi ya kai 38.3, ko ya tsaya a 38 har tsawon sa'a. Sababi kuwa shi ne, maganin da ake ɗura wa majinyaci domin ƙone cutar ba ya rarrabe mugu da nagari, har fararen ƙwayoyin jinin da Allah Ya ɗora wa tsaron jiki yakan karkashe, galibi kwana 7 zuwa 14 bayan ɗurawa. A wannan hali, ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ko san da ita ba tana iya halaka mutum tsakanin azahar da asuba.

Tun 1966 likitan Amurka Gerald Bodey ya bayyana cewa gwargwadon raguwar fararen ƙwayoyin jinin nan gwargwadon tsananin kamuwa. Ƙa'idar likitoci a yau ita ce a ɗebi jini domin gwaji, sa'an nan a shigar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya kafin minti 60 su cika, ba tare da jiran sakamakon da kan ɗauki kwanaki ba. An ce gaggawa daga Shaiɗan take, amma malamai sun togace binne mamaci da biyan bashi, kuma a ganina wannan lalura ta cancanci shiga sahun.

Sai dai galibin jinkiri daga gida yake tasowa. In jiki ya yi zafi, balle da damina, hukuncin kowa zazzaɓin cizon sauro ne: a aiki yaro kemis, a sha parasitamol, zafi ya lafa alhali cuta na ci a ɓoye. Kafin a sami Keke Napep, a fito da kati, ɗan jinya ya zagaya dangi haɗa kuɗin allura, yini ya tafi. Shi ya sa malamar jinya kan nanata wa mahaifi ranar sallama: "Baba, ko da tsakar dare ne jikinsa ya yi ɗumi, ku taho, kada ku ba shi komai." Cizon sauron ma akan gwada, domin sau da yawa yana nan, amma ba a tsayar da allurar saboda shi.