Tafiyar Asuba Da Teɓar Da Ta Ƙi Sauka

A garin Rano da Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su, an fara samun magidanta da yawa, malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da 'yan kasuwa, waɗanda likita ya yi wa gargaɗi game da hawan jini ko ciwon sukari, suka ɗauki al'adar tafiya da sassarfa bayan sallar asuba, wasunsu ma har sukan hau duwatsun da Allah ya albarkaci ƙasar da su. Amma in ka zauna da su a majalisa, ƙorafinsu ɗaya ne: a watannin farko jiki ya ragu, daga nan sai sikeli ya tsaya cak, teɓa kuwa tana nan daram. Wani ya ce shekaru ne, wani ya ce gado ne, wani kuma ya yanke ƙauna ya koma barcinsa na safe, alhali kuwa al'amarin yana da sabubba sanannu waɗanda ya kamata mai hankali ya yi nazari a kansu.

Uzurin shekaru shi ne mafi rauni. A shekarar 2021 mujallar Science ta buga binciken da Herman Pontzer na Jami'ar Duke a Amurka ya jagoranta, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, inda aka tarar cewa gwargwadon yadda jiki ke ƙona abinci, idan aka yi la'akari da girman jikin, ba ya sauyawa sosai tsakanin shekara 20 da 60. Abin da ya sauya, kuma shi ne sababi na farko, shi ne zaman da muke yi. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa, su yini a duƙe da fartanya, iyayenmu mata kuma su yi surfe, su yi daka, su ɗebo ruwa. Mu kuwa babur ke kai mu masallacin da ke bayan gida, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, tsokar da ba a sa ta aiki tana ta raguwa a hankali, har ya zamanto tafiyar sa'a guda da asuba ba ta isa ta rama yinin da aka yi a kan benci ba.

Sababi na biyu shi ne cewa Allah ya halicci jiki da tattali. Idan nauyi ya ragu, bukatar jikin ta abinci takan ragu tare da shi, yunwa kuma takan ƙaru, mutum ya riƙa ƙara loma ba da saninsa ba. Tafiyar rabin sa'a da sauri takan ƙone kimanin kalori 150, kwalbar lemo ɗaya kuwa ta kusan mayar da wannan duka, domin sukarin da ke cikinta ya kai ƙaramin cokali 9, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi alheri kada babba ya wuce cokali 6 a yini. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. To, wanda ya dawo daga tafiya ya tsaya wurin mai shayi, aka kaɗa masa da madara da sukari, ya haɗa da burodi da ƙosai, da rana ya sha fura da sukari, da dare ya ci malmalar tuwon shinkafa biyu da miya mai yalwar mai, misalinsa kamar mai ɗibar mudu guda daga rumbu da safe ne, ya zuba mudu guda da yamma, sa'an nan ya riƙa mamakin hatsi bai ragu ba.

Akwai kuma abubuwan da ba a cika lura da su ba. Ƙarancin barci yana ƙara kwaɗayi, saboda haka mai hira ko latsa waya har tsakar dare ya nemi barcin sa'a 7. Mata idan haila ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 da 55, kitse yakan koma ya taru a ciki. Magunguna irin su deksametason, wanda ake saye a kemis don ciwon gaɓoɓi ba da izinin likita ba, suna kumbura jiki, su tayar da sukari. Haka nan raunin halittar nan ta maƙogwaro da ake kira tayirod yana kawo ƙiba da kasala, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatar da shi. Wanda ya yi zaton yana da shi, ya je Babban Asibitin Rano ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Shayin rage teɓa da ake talla a kasuwa da Facebook kuwa a yi hattara da shi, domin yawancinsa zawo da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitsen yana nan, ƙoda kuma ta wahala.

Nasiharmu ita ce kada kowa ya bar tafiyarsa, gama tana saukar da hawan jini da sukari ko da sikeli bai motsa ba; a cika minti 150 a mako, a ƙara da aikin ƙarfi kwana biyu, ko noma ne ko faskare. Sa'an nan a koma ga ladabin ci da malamai suka karantar, a guji israfi, a tashi kafin ciki ya cika, mai azumin Litinin da Alhamis kuma kada ya rama yini guda a buɗa-baki. A rage mai da sukari, a yawaita wake da zogale da rama da kuɓewa, a fifita gero da dawa a kan taliya da farar shinkafa. A auna ƙugu da igiya a daidai cibiya, in ya wuce rabin tsawon mutum, akwai sauran aiki. Mai kilo 90 da ya sauke kilo 5 kawai, ya kuma riƙe hakan, likita zai ga bambancin a awon jininsa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.