Kunkurun Gidanku: Wane Iri Ne, Namiji Ne Ko Mace?

Da yawa daga cikinmu mun taso mun tarar da kunkuru a gida, yana yawo a bayan ɗaki ko a gindin randa. Amma in aka tambaye mu ko wane iri ne, ko namiji ne ko mace, sai mu yi shiru. Rashin sani ya fi dare duhu. Kunkuru da yawa sun mutu a hannun masu ƙaunarsu, domin an ba su abincin da ba nasu ba, ko an haɗa maza biyu wuri ɗaya.

Bari mu fara da iri. In ƙoƙon bayansa shimfiɗaɗɗe ne, ƙafafunsa kuma da fata tsakanin yatsu, to wannan kififfiya ce, gidanta ruwa. Na tudu kuwa, iri biyu muka fi gani a ƙasar Hausa.

Na farko shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira sulkata. Launinsa kamar na yashi, kuma akwai tsini biyu ko uku a bayan kowace cinya. Shi ne na uku a girma a duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabara, namijinsa ya kan wuce kilo 70. Abincinsa ciyawa da ganye, kuma ya kan haƙa rami mai zurfi don gudun zafi.

Na biyu ƙarami ne, da ƙyar ya wuce santimita 22. Masana suna kiran danginsa Kiniksis. Alamarsa ita ce ƙoƙon bayansa yana da gaɓa wajen ƙugu, in ya tsorata sai ya sauko da ita kamar ƙyaure, ya rufe ƙafafun baya da wutsiya. Ban da ganye yana cin dodon koɗi, ƙwari, naman kaza da 'ya'yan itatuwa, yana kuma son inuwa mai laima. A nan ne ƙidaya farce ke da amfani. Na Afirka ta Yamma farce huɗu gare shi a ƙafar gaba, alhali ɗan'uwansa na gabashin Afirka yana da biyar. An daɗe ana ɗaukarsu rassa biyu na iri ɗaya, amma bayan binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2012, masana da yawa sun raba su, kowanne da sunansa.

Yanzu sai batun namiji da mace. Mu ɗaga shi a hankali da hannu biyu, mu leƙa ƙasansa, kada mu bar shi a rigingine.

Na ɗaya, wutsiya. Ta namiji doguwa ce mai kauri, ya kan naɗe ta gefe guda. Ta mace gajera ce, kamar kan yatsa. Wannan ita ce alamar da ta fi tabbas.

Na biyu, ƙoƙon ciki. Na namiji ya lotsa kamar cokali, don ya zauna daidai a bayan mace lokacin barbara. Na mace a miƙe yake.

Na uku, a sulkata ƙoƙon ciki yana da tsini mai baki biyu a ƙarƙashin wuya. Na namiji ya fi tsawo, da shi yake tunkuyin abokin gāba har ya kifar da shi. Wanda aka kifar a rana, in babu mai taimako, zai iya mutuwa.

Kada girman jiki ya ruɗe mu: a sulkata namiji ya fi girma, a ƙaramin kuwa mace ce ta kan fi. Haka kuma waɗannan alamu ba sa bayyana a jariri. Sulkata sai ya kai kamar santimita 30 kafin a tabbatar. In mace ce, a tanadar mata ƙasa mai laushi, gama ta kan yi ƙwai ko da babu namiji, in ta rasa wurin haƙa kuma ƙwan zai iya maƙale mata.

A ƙarshe muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai abu uku. Kada a huda ƙoƙon kunkuru don a ɗaure shi da igiya, ƙashi ne mai rai, yana jin zafi. Mu wanke hannu da sabulu bayan mun taɓa shi, domin ya kan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa gudawa. Kuma kada mu kamo wani daga daji. Sulkata ya ragu ƙwarai, har tun shekarar 2000 aka hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. In mun koma gida hutu, mu duba wanda muke da shi, mu san ko wane ne, mu ba shi abin da ya dace da shi.