Mamman Vatsa, Janar ɗin da Ya Ba Marubuta Fili

A 1973, lokacin da Mamman Jiya Vatsa ya fitar da littafin waƙoƙinsa kan manyan biranen jihohin Najeriya, jihohin 12 ne kacal, kuma mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama jiharsu ɗaya da shi: Arewa maso Yamma, mai hedikwata a Sakkwato. Banufe ne daga lardin Neja, an haife shi a 1940. A Bida ya yi sakandare, aji ɗaya da Ibrahim Babangida, kuma tare suka shiga soja a 1962.

Ya yi yaƙin basasa yana jagorantar bataliya. Galibin hafsoshin da suka dawo daga wannan yaƙi, in ma sun taɓa alƙalami, tarihin jarumtakarsu suka rubuta. Shi kuwa sai ya kama rubuta wa yara. Ya yi Stinger the Scorpion, labarin wata kunama, ya yi ɗan littafin hotuna da Hausa mai suna Bikin Suna, ya kuma yi waƙoƙi da Turancin buroka, wanda 'yan boko na lokacin ke yi wa kallon harshen tasha. Abin da ya fi burge ni shi ne bin 'yan uwansa sojoji da ya yi yana karɓar waƙoƙinsu, har ya haɗa kundin Voices from the Trench a 1978. Ba ƙaramin aiki ba ne a sa mutumin bariki ya buɗe cikinsa a takarda.

A 1984 Janar Buhari ya naɗa shi ministan Abuja, garin yana ta ƙura da gine-gine. Da ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, ta yi taronta can a 1985, sai ya yanka mata makeken fili a Mpape.

A Disambar shekarar aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki. Wanda ke kan kujerar mulki a lokacin kuwa Babangida ne, aminin da Vatsa ya yi wa abokin ango. Kotun soja ta yanke hukuncin kisa. Chinua Achebe da Wole Soyinka da J.P. Clark suka ɗunguma barikin Dodan a Legas neman sassauci. An karɓe su da fara'a, suka fito da kyakkyawan zato. Ranar 5 ga Maris 1986 aka harbe Vatsa tare da wasu hafsoshi, yana da shekara 45. Har gobe ana gardama kan ko akwai juyin mulkin da ya kai a zubar da jini haka.

Filin Mpape ya sha shari'a da masu cin iyaka shekara da shekaru kafin ƙungiyar ta samu ta gina shi. Yau ana kiransa Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa, kuma a can ANA ke yin manyan tarukanta.