Tsakuren Waƙa a Littattafan Karatu: Al'adar Ingila da Bukatun Hausar Damagaram

Al'adar tsakuro baitoci daga manyan ayyukan adabi a tara su cikin kundi guda ta daɗe a Ingila. A shekarar 1752 William Dodd ya fitar da The Beauties of Shakespeare, inda ya ciro jawabai daga wasannin kwaikwayon Shakespeare, ya sa wa kowane kanu. A 1861 Francis Palgrave ya buga The Golden Treasury. Shi ma ya raɗa wa wasu waƙoƙi sunayen da masu su ba su ba su ba, ya kuma zubar da baitoci daga wasu. Makarantun Faransa suna da irin wannan tsari na zaɓaɓɓun nassoshi, kuma ta wannan hanya ya iso Nijar.

Abin da ya sauƙaƙa wa Dodd aikinsa shi ne ginin waƙar. Yawancin jawaban Shakespeare an tsara su ne a ɗango mai gaɓa goma, ba tare da amsa-amo ba, don haka ana iya yanke ɗango ashirin daga tsakiya ba tare da kunne ya ji giɓi ba.

Rubutacciyar waƙar Hausa ba haka take ba. Babban amsa-amo yana ɗaure baitocinta tun daga farko har ƙarshe. A ƙwar biyar, ɗango huɗu na farko suna da nasu ƙaramin amsa-amo, na biyar ne yake komawa ga babban. Mawaƙi yakan buɗe da yabon Allah da salati, ya rufe da sunansa da ramzi, wato shekarar da ya yi waƙar a ƙulle cikin haruffan Larabci. Wanda ya ɗebi tsakiya kaɗai ya raba waƙar da mai ita da kuma zamaninta. Waƙar baka kuwa, irin ta makaɗan fada, ba ta tsayuwa sai da amshinta.

Akwai kuma matsalar rubutu. Karin waƙar Hausa ya dogara ne ga jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kuma tsawon wasali yana cikin abin da ke ba gaɓa nauyi. Ajami yana nuna wannan tsawo. Bokon yau da kullum ba ya nunawa. Shi ya sa hotunan ajamin da C. H. Robinson ya haɗa da waƙoƙin da ya buga a Specimens of Hausa Literature (1896) suke da daraja ga mai bincike.

Wannan ya shafi Damagaram kai tsaye, domin a Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci a Zermu ko Mirriya ya san waƙa da kunne kafin ya san baƙi. In aka ba shi baiti gutsure, ya rera ya ji bai zauna ba, sai ya zargi karatunsa.

Saboda haka ya kamata masu shirya littattafai su kiyaye abu huɗu: a tsakuro cikakken baiti, a bar amshi a wurinsa, a rubuta sunan mawaƙi da shekara ƙarƙashin kowane tsakure, a kuma bar lafazin Damagaram yadda yake, domin musanya kalma da ta Kano yana iya karya karin.