Ɗan akwatin da ke riƙe da intanet ɗin ofisoshi daga Ƙonni zuwa Malbaza da Illela

A duk lokacin da rezo ya ɗauke a wani ofis a Birnin Ƙonni, kamfanin sadarwa ake fara ɗora wa laifi. Sai dai sau da yawa matsalar tana cikin gida, a ɗan ɗaki ko akwatin ƙarfe da ke maƙale a bango, inda wayoyin ginin duka suke haɗuwa.

Ƙonni na kan babbar hanyar RN1, wadda layin fiba na ƙasa ya bi daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram. Amma fibar iyakarta bakin ginin. Daga nan, bankuna da asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati sun dogara ne da abin da aka shirya a cikin wannan akwati.

Kayan da ke ciki ba su da yawa. Akwai kantar ƙarfe mai faɗin inci 19 da ake ɗaure na'urori a jikinta. Akwai allon ramuka, galibi 24 ko 48, inda kowace waya da ta taso daga wani ofis take ƙarewa. Gajerun wayoyi ne ke haɗa allon da suwic, na'urar da ke raba saƙo tsakanin kwamfutoci, ita kuma rawuta ta fitar da shi zuwa waje. A ƙasa ake ajiye batirin ko-ta-kwana, wanda ke riƙe kayan idan an ɗauke wuta.

Ita wayar, irin Cat5e ko Cat6, tana ɗauke da siraran wayoyi 8 na jan ƙarfe da aka murɗe biyu-biyu. Ƙa'ida ita ce kada tsawonta ya wuce mita 100: mita 90 a cikin bango, 10 na gajerun wayoyin haɗi. Wanda ya ja ta zuwa wani gini mai nisa zai ga rezo yana zuwa yana komawa. Haka ma wayar araha da aka yi da alminiyam aka lulluɓe da jan ƙarfe, tana saurin karyewa.

Yanayin yankin ma yana da nasa tasiri. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar na'urori, tsawa a damina kuma tana iya ƙona suwic ɗin da ba a haɗa da wayar ƙasa ba. Batun lantarki shi ma ba sabo ba ne. Ko da yake an buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, yanke wutar da Najeriya ta yi a watan Agustan 2023 ya nuna wa ofisoshi da dama amfanin batiri.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne rashin lamba. Idan ba a rubuta lamba ɗaya a ramin bango da ramin allo ba, mai gyara zai wuni yana laluben waya guda, ga shi wataƙila daga Tawa aka kira shi zuwa Illela, jama'a kuma suna layi suna jiran takardunsu.

Don haka kafin shugaban ofis ya biya ɗan kwangila, ya nemi taswirar wayoyin da sakamakon gwajin kowane layi, ya kuma tabbatar akwatin yana samun iska, ana kulle shi, ba a mayar da shi ma'ajiyar tsintsiya da tsofaffin takardu ba.