WANKIN ƘODA: A SAURARI ABIN DA ƘAFA KE FAƊI

Hausawa na cewa jiki magayi. Ga mutumin da ƙodojinsa suka gaza, har ya koma dogaro da injin wankin jini, wanda lokotoro ke kira diyaliz, sau da yawa ƙafa ce ke fara ba da labari.

A harshenmu, kalmar jijiya tana ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai jijiyar da jini ke gudana cikinta, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, kamar wayar tarho. Kan wannan ta biyu muke magana, ita da tsokar da take ba umurni.

Ƙoda mai lafiya tana tace jini dare da rana, ba hutu. Injin kuwa, wanda Willem Kolff ya fara ceton rai da shi a ƙasar Holanda cikin shekara ta 1945, bisa ƙa'ida sau 3 ake hawansa a mako, awa 4 kowane zama. Tsakanin zama da zama, dattin da ya kamata ya fita da fitsari yana taruwa cikin jini, yana cin jijiyoyi sannu a hankali. Mafi tsawonsu su ke fara jin jiki, shi ya sa ciwon ke somawa daga yatsun ƙafa biyu, ya hau zuwa ƙwauri, kafin ya kai hannu. Marar lafiya zai ji zugi a tafin ƙafa, ko kamar tururuwa na yawo, ko ƙafar ta yi dindiris. Wani kuwa da dare ba ya iya barin ƙafafunsa wuri guda, barci ya gagare shi.

Tsoka ma ba ta tsira ba. Ƙoda ce ke kammala sarrafa bitamin D, ita ce kuma ke aika wa ɓargo umurnin ƙera jini. In ta gaza, jini ya ragu, tsokar cinya ta yi rauni, tashi daga tabarma ya zama aiki. Ɗaurewar tsoka da ke kama mutane bisa injin, yawanci tana zuwa ne in an janye ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Wanda ya yawaita gishiri ko kanwa, ƙishirwa ta sa shi shan ruwa barkatai, shi ya fi gamuwa da ita.

Haɗari mafi girma shi ne sinadarin potasiyom, wanda ke da yawa cikin ayaba, dabino, dankali da tumatir. In ya taru cikin jini, gaɓoɓi su mutu farat ɗaya, kuma zuciya, da yake ita ma tsoka ce, tana iya tsayawa. Wanda ya ji irin wannan kasala, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Lokotoro yana da hanyar auna lafiyar jijiya. Yakan sa mata ɗan lantarki kaɗan, ya auna saurin tafiyar saƙo. Jijiyar hannu mai lafiya tana kai saƙo fiye da metir 50 cikin daƙiƙa ɗaya. In saurin ya ragu, an san ta taɓu. Wanki isasshe yakan tsayar da ciwon, dashen ƙoda kuma, wanda aka fara cin nasararsa a birnin Boston na Amurka a 1954, yakan maido da ƙarfi mai yawa.

To, ya ku masu karatu, aiki ya rage gare mu. Wanda ke zuwa wanki, a Yamai ko wani gari, kada ya tsallake rana, kada ya matsa a sauke shi kafin lokaci ya cika. Ya ci nama, kifi ko ƙwai gwargwadon abin da aka tsara masa, ya riƙa ɗan tattaki kullum. Iyali su duba tafin ƙafarsa kowace safiya, tun ba mai ciwon sukari ba, domin ƙafar da ba ta ji, rairayi mai zafi ko kaskon wuta na lokacin ɗari na iya ƙona ta bai sani ba. Kada a ce sanyi ne ko sammu, a ɗura masa sassaƙe. A faɗa wa lokotoro tun abin yana yatsa, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.