Takobin Jian a Hannun Mai Koyon Ƙira

A shekarar 1965 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani kabari a lardin Hubei na ƙasar Sin, suka tarar da takobi cikin kubensa. Da aka zare shi sai ga shi yana ƙyalli, kaifinsa na nan, alhali ya haura shekara 2,000 a ƙarƙashin ƙasa. Rubutun jikinsa ya nuna na Goujian ne, sarkin Yue, wanda ya rasu a 465 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na tagulla ne, tsawonsa santimita 55 da ɗoriya, yau yana gidan tarihi na lardin a birnin Wuhan. Irin wannan miƙaƙƙen takobi mai baki biyu shi Sinawa ke kira jian, saɓanin dao mai baki ɗaya. Siffarsa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, don takobin da mahaya ke ratayawa ranar hawan sallah ma miƙaƙƙe ne mai baki biyu. Jian ne masu wasan motsa jikin Sinawa na taici ke riƙewa, shi ne kuma ake gani a fina-finai irin su Crouching Tiger, Hidden Dragon na 2000, har wasu matasa suka ɗauki guduma da magagari suna son ƙera nasu a gida. Sha'awa ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta, da sharaɗi guda: takobin farko na mai koyo kada a wasa shi. A bar bakinsa a dakushe, a zuba ƙoƙarin duka a kan ƙarfen, da wutar, da daidaiton nauyi, da wutsiyar da ke shiga cikin ƙota.

Dalilin farko yana hannun mai wasan. Jian na yau ruwansa kan kai santimita 70 zuwa 80, nauyinsa kuma tsakanin giram 700 da 900, ko kilo guda bai cika ba. Da wuyan hannu ake sarrafa shi, ana suka, ana kaucewa, ana yanka da ɗan abin da ke kusa da tsini. Kafin hakan ya yiwu sai nauyin ya taru kusa da hannu, ta yadda in aka ɗora takobin a kan yatsa zai tsaya daidai a wajen santimita 10 zuwa 15 gaba da makarin hannu. Ana samun wannan ne ta rage kaurin ƙarfen a hankali, daga kamar milimita 6 ko 7 a gindi zuwa kusan 3 a wajen tsini. Wanda ya yanko siffar takobi daga shafaffen ƙarfe mai kauri ɗaya, ya wasa gefensa, sanda ya ƙera, kuma a motsi na goma wuyan hannunsa zai gaya masa. Ga kuma ƙirin da ke bin tsakiyar ruwan daga gindi har tsini. Fuska huɗu ake gogewa, biyu a kowane ɓangare, kuma dole ƙirin gaba ya hau daidai kan na baya. Takubban zamanin daular Han, wadda ta yi mulki daga 206 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 220 bayanta, har masu fuska takwas akwai a cikinsu. Wannan aikin magagari ne na makonni, kuma mai yin sa yana juya ƙarfen a hannu sau ɗaruruwa. In da kaifi a gefe biyu, kowane juyi dama ce ta yankewa.

Sai batun wuta, inda mafi yawan takubban masu koyo ke mutuwa. Rodi da ƙarfen ƙofa ba su da amfani a nan. Abin da ke sa ƙarfe ya ɗauki tauri shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, kuma ƙarfen walda na yau da kullum bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, don haka ko an gasa shi an tsoma a mai, laushinsa na nan. Takobi na son wajen kashi 0.6 zuwa 0.8, irin ƙarafan da ake sayarwa da lamba 1060 ko 1075, ko 5160 da ake sifirin mota da shi. Ana gasa ruwan har ya daina kama maganaɗisu, abin da ke faruwa a digiri 770 na ma'aunin Salshiyas, a ƙara kaɗan zuwa 800 ko 830, sannan a tsoma shi a tsaye cikin mai ɗumi. Yana fitowa da tauri mai yawa amma kamar gilashi, in ya faɗi ƙasa sai ya karye. Dole a sake ɗumama shi a hankali a wajen digiri 230 zuwa 300 na tsawon awanni, ya sauke wani taurin ya sami danƙo, ya iya lanƙwasa ya dawo. Ga ƙaramar wuƙa duk wannan abu ne mai sauƙi. Ga ƙarfe mai kusan mita guda kuwa, tsini kan yi ja ya wuce kima tun gindi bai ɗauki zafi ba, sai an haƙa doguwar wutar gawayi ana kai da komo da shi, an kuma tanadi bututun ƙarfe mai zurfi da murfi saboda man na iya kamawa da wuta. A nan ne barin gefe da kauri yake ceton aikin: bakin da aka sirance kafin a kai shi wuta shi ke fara zafi, shi ke fara sanyi, shi ke karkacewa ko tsagewa. Maƙeran wuƙa ma kan bar wajen milimita guda ko fiye a baki kafin su tsoma. Mai koyo da ya bar biyu, ya kuma bar su a haka har ƙarshe, ya rage wa kansa babban haɗari.

Wani zai ce takobin da ba ya yanka ai ba takobi ba ne, an ɓata gawayi kawai. Amma a duba me ake yi da jian a yau. Ɗaliban taici da yawa da na itace suke farawa, masu gasar wushu, wato wasan faɗa na Sinawa, kuma da wani siriri mai langaɓu kamar langa-langa suke wasa, wanda ke kaɗawa yana ƙara, ba shi da kaifi ko kaɗan. Dakusasshen takobi mai nauyin gaske da daidaiton gaske ya fi waɗannan biyun kusa da jian na asali a hannu. Kuma kaifi ba ya gudu: ƙarfen da ya horu da kyau ana iya wasa shi bayan shekara, ranar da hannu ya faɗa. Wanda bai horu ba kuwa, duk washin da aka yi masa ba ya hana shi karyewa.

Wata sukar ta fi nauyi. Za a ce maƙeran Sin ninke ƙarfe suke yi suna dukansa sau da yawa, suna kuma haɗa ƙarfe iri biyu, don haka abin da aka goge daga ƙarfe guda bai cancanci sunan jian ba. Gaskiya ne sun yi. An tono wani dao a Cangshan ta lardin Shandong mai rubutun shekarar 112 bayan haihuwar Annabi Isa, rubutun yana cewa sau 30 aka tace ƙarfensa. Akwai kuma dabarar sanmei, inda ake sa ƙarfe mai tauri a tsakiya, a rufe shi da mai laushi gaba da baya. Ko a takobin Goujian, bincike ya nuna bakinsa ya fi jikinsa yawan kuza, don baki ya yi tauri jiki ya yi danƙo. Sai dai duk wannan magani ne na wata matsala: ƙarfen wancan zamani na fitowa da dauɗa a ciki, kabon ɗinsa kuma bai bazu daidai ba, ninkewa ce ke fitar da dauɗar ta daidaita shi. Ƙarfen masana'anta na yau ya zo a tace. Mai koyo da ya ce sai ya ninke, abin da zai fi samu shi ne wuraren da ba su manne ba a ɓoye cikin ruwan. Ko a Longquan ta lardin Zhejiang, garin da almara ke danganta ƙirarsa da maƙerin takobi na dā Ou Yezi, aka kuma sa sana'ar ƙirar takobin garin cikin jerin al'adun gado na ƙasar a 2006, ana ƙera takubba masu yawa daga ƙarfe guda. Ninkewa darasi ne na gaba, kuma a kan ƙaramar wuƙa ya kamata a fara shi.

Game da tsohon sifirin mota, na san arha ne, maƙeranmu kuma sun daɗe suna fitar da adda da gatari masu kyau daga gare shi. Amma sifirin da ya shekara yana ɗaukar kaya yana iya ɗauke da ƙananan tsagu da ido ba ya gani, kuma gajeriyar adda mai kauri na jure abin da dogon siririn takobi ba zai jure ba. A yi gwaji da shi, a sayi sabon ƙarfe mai lamba don takobin. Ƙarfen da ba ya tsatsa a bar shi ga wuƙar kicin, yana saurin karyewa in ya yi tsawo. Wanda aka shafa wa tutiya kuma kada ya kusanci wuta, hayaƙinsa na kwantar da mutum.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wutsiya, don ba wanda ke ganinta bayan an rufe ƙota. Masu gaggawa kan yi waldar siririn ƙarfe mai zare a gindin ruwa, su zura itace, su ɗaure da noti. Wurin waldar nan ne ke karyewa in an kai sara, ruwan ya fice ya tashi sama, kuma ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa. Wutsiya ta zama ci gaban ruwan ne, ƙarfe guda, mai faɗi, ta bi ƙotar har ƙarshe, kafaɗun da ta haɗu da ruwa kuma a zagaye su da magagari mai da'ira, don tsaga daga kusurwa mai kaifi take farawa. Bayan an gama horon wuta, kafin a sa ƙota, a matse gindin a maɗauri, a sa tabarau na kariya, a lanƙwasa ruwan kaɗan hagu da dama a ga ko ya dawo miƙe. In ya tsaya a karkace, a koma wuta da shi.